Baƙin kabon: Daga tawadar malaman Kano zuwa tayar mota

A kasuwar Kurmi da ke tsakiyar birnin Kano, a rumfunan masu sayar da alluna da alƙaluma, har yau mutum kan sami ƙaro da gawayin haɗa tawada irin wadda almajirai suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu da ita.

Da mutum ya fito daga lungunan kasuwar ya hau titi, sai ya tarar da babura masu ƙafa uku da motoci da manyan kurayen 'yan garuwa, kowanne yana tafiya a kan baƙar taya.

Mutane ƙalilan ne suka san cewa baƙin da ke cikin tawadar nan da baƙin da ke jikin tayar nan asalinsu ɗaya ne, wato sinadarin kabon da ke saura idan wuta ta ci abu amma ba ta cinye shi duka ba.

Bambancin kawai shi ne, na farko a gida ake haɗa shi cikin ƙoƙo, na biyu kuwa manyan masana'antu ne ke yin sa. A duk shekara ana samar da fiye da tan miliyan 13 na wannan gari a duniya, wanda masu masana'antu ke kira kabon bilak, wato baƙin kabon.

Najeriya ta taɓa gina masana'antar yin sa a Warri, amma a yau kusan duk wanda ake amfani da shi a ƙasar daga waje yake shigowa, galibi a jikin tayoyi da sauran kayan da aka riga aka sarrafa.

Tawadar allo da ta takarda

Tarihin Kano ya nuna cewa malaman Wangarawa sun iso birnin ne a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Bayan su, a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, tsakanin 1463 da 1499, Shehu Muhammad al-Maghili ya zauna a birnin. Tun daga wancan lokaci unguwanni irin su Madabo da Sharifai suka shahara da karatu, kuma duk inda karatu ya kafu to sai an nemi tawada.

Hanyar da aka fi sani ita ce a ƙona itace ya zama gawayi, a niƙa shi ya yi laushi, ko kuma a kankare baƙin da hayaƙi ya tara a gindin tukunya. Daga nan sai a jiƙa ƙaro, a haɗa su da ruwa, a tace. Irin wannan ita ce tawadar zuge da ake rubutu da ita a allo.

Aikin ƙaro a nan shi ne ya riƙe ƙwayoyin baƙin kada su kwanta a ƙasan kurtu, sannan ya manna su a jikin allo idan ruwan ya bushe. Da yake kabon ba ya narkewa a ruwa, kuma ba ya shiga cikin jikin itace, da zarar an zuba ruwa ƙaron ya narke sai rubutun ya fita. Wannan ne ya sa almajiri zai iya wanke allonsa ya yi sabon rubutu kullum, kuma shi ne ya sa ake iya yin rubutun sha da ita.

Masu rubuta Alƙur'ani a takarda kuwa, irin su marigayi Sharif Bala Gabari da ya yi suna a wannan fanni, suna buƙatar tawadar da ba ta gogewa. Don haka akwai wata iri da ake haɗawa da bagaruwa da ƙarfe, wadda ke kama jikin takarda. Marubutan Larabawa na da ma sun san wannan bambanci, suna kiran tawadar hayaƙi midad, ta ƙarfe kuma hibr. Littafin Umdat al-Kuttab, wanda ake dangantawa da sarkin Ifriƙiyya al-Mu'izz ibn Badis na ƙarni na 11, ya kawo hanyoyin haɗa dukkansu biyun.

Kowace tana da ranarta. Tawadar ƙarfe ba ta wankuwa, amma idan ta daɗe takan koma ja-ja, wani lokaci har ta ci takardar. Tawadar kabon kuwa rana ba ta koɗar da ita, ba ta kuma cin takarda. Rubuce-rubucen Misirawan da, waɗanda aka yi fiye da shekaru 4,000 da suka wuce da tawadar hayaƙi, har yanzu ana karanta su. Mutanen Sin ma sun daɗe suna ƙona itace da mai domin tara hayaƙin yin tawada, haka kuma tawadar injin ɗab'i na Gutenberg a Jamus, wajen 1450, tana ɗauke da baƙin fitila.

Shin mene ne baƙin kabon?

Duk wanda ya taɓa kunna aci-balbal ko fitilar ƙwai ya san cewa idan lagwani ya yi tsawo, harshen wutar kan yi ja ya fara fitar da baƙin hayaƙi. Dalili shi ne man da ke tasowa ya fi ƙarfin iskar da ke isa gare shi. Zafi ya farfasa man, amma babu isasshiyar iskar da za ta ƙone shi, don haka sai kabon ɗin da ke cikinsa ya dunƙule ya zama ƙananan ƙwayoyi.

Abin da masana'antu ke yi ke nan, illa dai su da gangan suke yi, kuma da awo.

Garin da suke samarwa fiye da kashi 95 cikin ɗari nasa tsantsar kabon ne. Ƙwayoyinsa kuwa ƙanana ne ƙwarai, ta yadda irin wanda ake zubawa a taya sai an jera fiye da dubu kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Ba sa zama ɗai-ɗai, suna manne da juna ne kamar nonon inabi.

Wannan ƙanƙanta ita ce sirrin amfaninsa. Idan aka auna faɗin jikin dukkan ƙwayoyin da ke cikin giram ɗaya na irin wanda ake sa wa a fuskar taya, zai kai murabba'in mita 80 zuwa 120, wato kamar fili mai tsawon mita goma da faɗin mita goma. Duk wannan faɗi wuri ne da roba ko mai ko tawada za su kama.

Masana na bambanta shi da kunkunniyar da ke taruwa a rufin madafa ko a bakin salansar mota. Ita kunkunniya gauraye take da toka da maiƙo da wasu sinadarai masu cutarwa, kuma girman ƙwayoyinta ba daidai ba ne. Shi kuwa na masana'anta an tsara shi aji-aji, kowane aji da lambarsa da aikinsa.

Yadda taya ta koma baƙa

Ƙaron da ake tatsa daga bishiyar roba fari ne kamar madara. Tayoyin farko ma farare ne ko ruwan toka, domin farar hodar sinadarin zink ake zuba musu. Shi ya sa mutum-mutumin da kamfanin Michelin na Faransa ke talla da shi tun 1898, wanda aka zana da siffar tarin tayoyi, har yau fari ne.

A 1904 wani masanin sinadarai mai suna S. C. Mote, da ke aiki a wani kamfanin roba a unguwar Silvertown ta birnin Landan, ya lura cewa baƙin kabon ba launi kaɗai yake sauya wa roba ba, har ƙarfi yake ƙara mata. Wajen 1910 zuwa 1912 kamfanin B. F. Goodrich na Amurka ya fara zuba shi da yawa a tayoyinsa, yana sayensa daga kamfanin Binney & Smith. Cikin 'yan shekaru sauran kamfanoni suka bi sahu.

Abubuwa uku yake yi wa taya. Na farko, zaren robar na sarƙewa a jikin ƙwayoyinsa, sai robar ta ƙi yagewa kuma ta daɗe ba ta suɗe ba, har tayar ta yi tafiya ninki da dama fiye da wadda ba a zuba mata ba. Na biyu, yana janye zafi daga fuskar tayar da ke gogar kwalta ya rarraba shi. Na uku, yana shanye wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda shi ne ke sa roba ta bushe ta tsattsage.

Ga direban da ke ɗauko kaya daga Legas zuwa Kano a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a inuwa, waɗannan abubuwa uku su ne tsakaninsa da fashewar taya.

Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin tayar ƙaramar mota baƙin kabon ne, wato kilo biyu zuwa uku a kowace taya. Kusan kashi 70 cikin ɗari na duk wanda ake samarwa a duniya a taya yake ƙarewa, kimanin kashi 20 a sauran kayan roba, ragowar kuma a robobi da tawada da fenti.

Yadda ake yin sa

A shekarun 1870 ne aka fara yin sa da yawa a Amurka, a yankunan da aka haƙo iskar gas aka rasa yadda za a yi da ita. A lokacin ana kunna ɗaruruwan ƙananan harsunan wuta ne a ƙarƙashin dogayen ƙarafa, hayaƙin ya kama jikinsu, a riƙa kankarewa. Hanya ce mai ɓarna, domin abin da ake samu bai kai kashi 5 cikin ɗari na kabon ɗin da ke cikin gas ɗin ba, sauran kuwa ya ƙone, wani kuma ya tashi sama a matsayin hayaƙi ya rufe garuruwa. An daina amfani da ita a Amurka a 1976.

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Phillips ya buɗe masana'anta a garin Borger na jihar Texas wadda ke amfani da mai a cikin rufaffen tanderu. Lokacin Japan ta mamaye gonakin roba na kudu maso gabashin Asiya, Amurka kuma ta koma ga robar da ake haɗawa daga man fetur, wadda ba ta da wani ƙarfi sai an zuba mata baƙin kabon. A yau fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da ake samarwa ta hanyar tanderu ake yin sa.

Tanderun wani dogon bututun ƙarfe ne da aka shafe cikinsa da tubalin da ke jure wuta. A farkonsa ana ƙona gas ko mai da iska mai zafi, har zafin ya kai tsakanin digiri 1,200 da 1,900 a ma'aunin Salshiyas. Sai a fesa wani mai mai kauri a cikin wannan guguwar wuta. Man nan galibi gurbi ne da ke saura a matatar mai bayan an fasa mai mai nauyi an cire fetur, ko kuma kwaltar da ake samu daga kwal.

Cikin ƙasa da daƙiƙa guda man ya farfashe ya zama ƙwayoyin kabon da iskar haidurojin. Nan take ake fesa ruwa domin a tsayar da aikin. Wurin da aka fesa ruwan, da yawan iskar da aka bari ta shiga, su ke yanke girman ƙwayoyin. Idan an yi saurin kashe wutar ƙwayoyin kan fito ƙanana, irin na fuskar taya. Idan an jinkirta sukan fito manya, irin na gefen taya da tiyo.

Daga nan hayaƙin kan ratsa ta cikin ɗaruruwan dogayen jakunkuna da ke tace garin. Garin da ya fito ba shi da nauyi, numfashi ma na iya tayar da shi, saboda haka ake jiƙa shi da ruwa a cikin injin da ke juya shi ya zama ƙananan dunƙule kamar gero, a busar, sannan a zuba a buhuna. Iskar da ta rage tana ci da wuta, masana'antu da yawa na ƙona ta su busar da kayan ko su samar da lantarki.

Ƙasar Sin ce ke kan gaba wajen samar da shi, sai ƙasashe irin su Amurka da Indiya da Rasha. Manyan kamfanonin sun haɗa da Cabot na Amurka, wanda aka kafa a 1882, da Birla Carbon na Indiya, da Orion. A nahiyar Afirka masana'antar da ta fi girma tana birnin Iskandariyya na Masar, wadda ta fara aiki a 1994. Muhimmancinsa ya fito fili bayan yaƙin Rasha da Yukren, lokacin da Tarayyar Turai ta sa shi cikin kayan da ta ƙaƙaba wa takunkumi, amma ta jinkirta cikakken haramcin har zuwa watan Yulin 2024 domin kamfanonin tayoyinta su sami wasu masu sayar musu.

Inda Bakano ke cin karo da shi

Ko wanda bai taɓa mallakar keke ba yana amfani da shi kullum.

Baƙaƙen tankunan ruwa da ke saman gidaje, da baƙaƙen bututun da ake binnewa, da rigar wayoyin lantarki da ke rataye a kan turaku, duk ana zuba musu kimanin kashi biyu zuwa biyu da rabi cikin ɗari na baƙin kabon. Ba don ado ba ne. Roba irin wannan idan babu kariya, ranar Kano na iya sa ta ta yi rauni ta farfashe cikin 'yan shekaru. Bugu da ƙari, baƙin tanki na hana haske shiga, don haka gansakuka ba ta tsirowa a cikin ruwan.

Haka nan gugan da ake ɗinkawa da tsohon tiyub, da takalman taya da manoma da makiyaya ke sa wa, da robar da 'yan dako ke ɗaure kaya da ita, ƙarkonsu daga nan yake. Belin injin niƙa, da tiyon mai, da robobin da ke riƙe injin mota, waɗanda ake sayarwa a Ƙofar Ruwa, su ma haka.

Tawadar jaridu da littattafan da ake bugawa, da hodar injin ɗaukar kwafi da ke shagunan bakin kotuna da makarantu, da baƙin fenti da man goge takalmi, duk launinsu daga gare shi yake.

Yana kuma wuce da lantarki. Saboda haka ake zuba wani aji nasa a batirin tocila da rediyo, da batirin wayar salula, da na ajiye wutar sola. Tiyon da ake sauke fetur da shi a gidajen mai ma ana haɗa shi da irin wannan, domin lantarkin da gogayya ke tarawa ya bi jikinsa ya wuce maimakon ya yi tartsatsi.

Masana'antun robobi da ke Sharaɗa da Challawa da Bompai na sayen sa ne galibi a gauraye da roba, cikin ƙananan ƙwayoyi da ake zubawa a injin narkarwa. Masu narka tsofaffin robobi ma na amfani da shi, domin idan aka haɗa tarkace masu launi daban-daban baƙi ne kaɗai launin da zai rufe su duka. A nan ne gargaɗin da ake yi game da zuba abinci mai zafi a baƙar leda ya samo tushe. Abin tsoron ba launin ba ne, rashin sanin irin tarkacen da aka narka ne.

Masana'antar Warri

Najeriya na da duk abin da ake buƙata domin yin taya. Akwai gonakin roba a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba, akwai ɗanyen mai, akwai kuma kasuwa.

An buɗe matatar mai ta Warri a 1978. A 1988 aka ƙara mata sashen sarrafa sinadarai, wanda ya haɗa da masana'antar baƙin kabon da aka tsara za ta riƙa samar da tan 18,000 a shekara, daga gurbin man da matatar kanta ke fitarwa. Manufar ita ce ta wadata kamfanonin taya na cikin gida, wato Michelin a Fatakwal da Dunlop a Ikeja.

Sai dai masana'antar ta dogara ne kacokan ga matatar. Duk lokacin da sashen fasa mai ya tsaya, ita ma ta rasa abin da za ta ƙona. Matatar kuwa ta sha tsayawa saboda lalacewar injuna da fasa bututun da ke kawo mata ɗanyen mai.

A ɗaya ɓangaren kuma masu sayen kayan sun tafi. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a 2008. Dalilan da aka bayar sun haɗa da tsadar samar wa kai lantarki, da rage harajin shigo da tayoyin manyan motoci daga waje, wanda ya sa na gida suka kasa gogayya. Dubban ma'aikata suka rasa aiki.

A ƙarshen watan Disamban 2024 kamfanin mai na ƙasa NNPC ya sanar da cewa matatar Warri ta koma aiki, amma cikin 'yan makonni aka sake tsayar da ita.

Sakamakon haka shi ne ƙasar na fitar da ɗanyar roba da ɗanyen mai, sannan ta sayo su a haɗe da kuɗin waje. Duk lokacin da darajar naira ta faɗi, kamar yadda aka gani bayan sauyin tsarin canjin kuɗi a 2023, farashin taya kan tashi, direbobi da yawa kuma su koma ga tsofaffin tayoyin da aka yi amfani da su a wasu ƙasashe, duk da cewa suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigowa da su. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana lissafa fashewar taya cikin abubuwan da ke haddasa haɗari a manyan hanyoyi.

Batun lafiya

Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya baƙin kabon a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa cutar ga ɗan Adam. Ta yi haka ne bisa gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye da suka daɗe suna shaƙar garin. Haɗarin ya fi shafar ma'aikatan da ke zuba shi daga buhu ko suke gauraya shi ba tare da abin rufe hanci ba. Idan ya riga ya haɗe a jikin roba ko busasshiyar tawada, ba ya tashi a shaƙe shi.

Kunkunniya kuwa hukuncinta ya fi tsanani, domin cibiyar ta tabbatar tana haddasa cutar. Tun a 1775 wani likitan Ingila mai suna Percivall Pott ya gano alaƙarta da cutar dajin da ke kama yaran da ke share bututun hayaƙi a Landan.

Wannan ne ya sa ƙona taya a fili ya zama abin damuwa. A biranen Najeriya da dama ana ƙona tsofaffin tayoyi domin a cire wayar ƙarfen da ke ciki a sayar, wasu kuma kan yi babbakar kai da ƙafa da ganda da su saboda sun fi itace arha. Hayaƙin da ke tashi ba baƙin kabon ɗin masana'anta ba ne. Kunkunniya ce da ke ɗauke da farar wuta da zink da wasu sinadarai masu maiƙo da aka san suna haddasa cutar daji, kuma wasu daga cikinsu kan manne a jikin naman.

A wuri mai cunkoso kamar cikin badalar Kano, inda lunguna ke da ƙunci kuma gidaje ke manne da juna, hayaƙi kan jima bai watse ba. Lamarin ya fi muni da asubahin hunturu, lokacin da iska mai sanyi ke kwanciya a ƙasa ta danne hayaƙin. Yara da tsofaffi da masu ciwon asma su ne suka fi jin jiki. Mazauna Fatakwal sun ga irin wannan tun daga 2016, lokacin da baƙin hayaƙi, wanda aka danganta mafi yawansa da haramtattun matatun mai, ya riƙa rufe musu rufin gidaje da tufafi.

Akwai kuma abin lura ga masu rubutun sha. Tawadar gawayi da ƙaro abu ne da aka san abin da ke cikinta. Tawadar biro da ta injin ɗab'i da hodar injin kwafi kuwa, ko da launinsu ɗaya ne, suna ɗauke da mai da sinadaran da ba a yi su don ciki ba.

Ita kanta sana'ar na da nata nauyi a kan muhalli, domin kowane tan ɗaya da aka samar ta hanyar tanderu na fitar da fiye da tan biyu na iskar da ke ɗumama duniya.

Ina aka dosa?

Kamfanonin taya sun fara rage dogaro da shi. A 1992 Michelin ya fito da tayar da aka maye gurbin wani kaso na baƙin kabon ɗin fuskarta da sinadarin silika, wanda ake samu daga yashi, domin rage shan mai. Amma tayoyin manyan motoci da gefen kowace taya har yanzu da shi suka dogara.

Hanya ta biyu ita ce ƙwato shi daga tsofaffin tayoyi, waɗanda ake zubar da kimanin biliyan ɗaya a duk shekara a duniya. Ana daddatsa tayar, a cire waya, a dafa robar a rufaffiyar tukunya da babu iska a ciki, a zafin digiri 400 zuwa 600. Da yake babu iska, robar ba ta kamawa da wuta, narkewa take yi ta rabu gida uku: mai, da gas, da baƙin gawayi wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. Gawayin na ɗauke da toka mai yawa, don haka sai an niƙa an tace shi kafin ya yi amfani, kuma bai kai sabo ƙarfi ba. Duk da haka yana wadatarwa a tafin takalmi da tabarmin roba da launin robobi, waɗanda duk kayayyaki ne da ake yi a Kano.

Sai dai ƙwarewar ƙasashe irin su Indiya ta nuna cewa idan aka bar ƙananan tukwanen dafa taya ba tare da sa ido ba, gurɓatar da suke yi kan yi kusa da ta ƙonawa a fili. A Najeriya alhakin sa wannan ido na wuyan hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, da ma'aikatun muhalli na jihohi.

Hanya ta uku ita ce fasa iskar gas da zafin lantarki ba tare da ƙona ta ba, inda ake samun baƙin kabon da haidurojin a lokaci guda. Kamfanin Monolith ya buɗe masana'anta irin wannan a jihar Nebraska ta Amurka a 2020.

Abubuwa biyu na iya sauya lissafin a Najeriya. Matatar Ɗangote da ke Lekki, wadda aka gina domin tace ganga 650,000 a rana kuma ta fara aiki a 2024, tana da irin sashen fasa mai da ke fitar da gurbin da ake yin baƙin kabon da shi. Haka nan a 2020 aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, da nufin kai makamashi ga masana'antun arewa.

Amma darasin Warri na nan. Masana'antar baƙin kabon ba ta rayuwa sai da wanda zai saya, kuma babban mai saye shi ne kamfanin taya. Shi kuma kamfanin taya ba ya zama sai da tsayayyar wutar lantarki da manufar haraji da ba ta sauyawa da sauyin gwamnati. Muddin waɗannan ba su samu ba, mai faci a Ƙofar Mata zai ci gaba da liƙe tayoyin da aka yi a Sin da Indiya da Tailan, yayin da malamin allon da ke bayansa ke niƙa gawayinsa kamar yadda aka yi tun zamanin Rumfa.